In Kwandon Sharar Kwamfuta Ya Ƙi Buɗuwa

Ba a tuna kwandon sharar kwamfuta sai ranar da aka jefa masa abin da ba shara ba. Shekara guda yana zaune a kusurwar fuskar kwamfuta, ba mai ce masa sannu, ana ta antaya masa tsofaffin wasiƙu da hotunan bikin da amarya ta rufe ido a ciki. Sai ranar da sakatare ya goge jadawalin albashi ana gobe biya, ko ɗaliba ta goge babi na huɗu na furojek ɗinta tana zaton tsohon kwafi ne, ranar ce za a rugo wurinsa, a danna sau biyu, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Wani sa'in ɗan zoben nan shuɗi ya yi ta juyi har shayi ya huce. Wani sa'in taga ta buɗe fara fat, ta sandare. Wani sa'in kuma Windows ta turo saƙo da Turanci, wai kwandon ya lalace, ko kana so a zubar da abin da ke ciki?

A bakin wannan tambayar aka fi yin asara. Kada ka danna Yes. Yatsan mai kwamfuta ya saba da Yes da OK da Next, yakan riga ido isa wurin, amma a nan Yes na nufin a kwashe duk abin da ke cikin kwandon, har da wanda ka zo nema. Kwandon kam zai gyaru, ka buɗe shi lafiya lau, ka tarar da shi wayam. Danna No, ka janye hannunka daga maus, ka sha ruwa.

Akwai magungunan da jama'a suka fi yarda da su, kuma babu mai ci a cikinsu. Danna hoton kwandon sau arba'in ba ya ƙara masa sauri. Kowace dannawa umarni ne da kwamfuta ke jerawa a layi, in ta farfaɗo tana iya zubo maka tagogi bisa tagogi har ka rasa ta rufewa. Marin allon kwamfuta zalunci ne tsagwaronsa, domin shi nuni kawai yake yi, ba shi da hannu a lamarin. Kayan aikin suna cikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, kuma shi ma kada ka kai masa ƙafa: in irin tsohon faifan ajiya ne a ciki, yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa, duka ɗaya ya isa ya mai da ƙaramar matsala ta zama babba. Sai kuma zaman shari'a. “Wa ya taɓa mini kwamfuta?” A gida autan Hajiya ne mai laifi, a ofis masinja. Ka sallame su. Mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne an ɗauke wuta kwamfuta tana tsakiyar rubutu a faifai, ko an fizge faifan waje ba a sallame shi ba, ko izinin shiga foldar ya rikice, ko kuwa faifan ne ya fara tsufa.

Yana da kyau ka san abin da kake faɗa da shi. Tun Windows 95 kwandon yake tare da mu, kuma ba wani wuri ba ne na musamman a cikin injin. Ɓoyayyiyar folda ce a gindin kowane faifai, wadda tun daga Windows Vista sunanta $Recycle.Bin. Faifan C yana da tasa, D yana da tasa, faifan wajen da kake sokawa da waya shi ma yana da tasa. A cikin kowace, duk mai asusu a kwamfutar yana da nasa sashe, mai dogon suna na lambobi da ke farawa da S-1-5-21. In ka goge fayil, Windows ba ta shafe shi. Tana mai da shi can, ta canja masa suna zuwa $R da wasu haruffa shida na barkatai, sannan ta rubuta wani ɗan ƙaramin fayil mai farawa da $I wanda ke riƙe da sunansa na asali, da inda ya fito, da girmansa, da ranar da aka jefar da shi. Hoton da kake dannawa aikinsa ya tattaro waɗannan duka daga kowane faifai ya nuna maka su wuri ɗaya. Shi ƙofar zaure ne kawai. In ƙofar zaure ta cije, ɗakunan cikin gida suna nan da kayansu, sai dai a zaga ta baya.

Tunda daga kowane faifai yake tattarowa, faifai ɗaya marar lafiya ya isa ya riƙe shi. Saboda haka ka fara cire duk abin da aka soka wa kwamfutar na ajiya, ta hanyar sallama da ke ƙasan dama, ka sake gwadawa. In ya buɗe, ka san inda ciwon yake. In bai buɗe ba, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka nemi Windows Explorer a jerin, ka danna masa maɓallin dama na maus, ka zaɓi Restart. Fuskar kwamfutar za ta ɗan ɓace ta dawo. Gabanka zai faɗi, amma ba abin da ya salwanta. Manhajar da ke buɗe foldoji ce aka tasa daga barci. In har yanzu yana nan a kan bakansa, ka sake kunna kwamfutar gaba ɗaya, kuma ka zaɓi Restart ɗin, ba Shut down ba. Tun Windows 8 akwai wani tsarin saurin tashi da ke sa Shut down ta adana wani ɓangare na halin da injin yake ciki ta dawo da shi gobe, ta yiwu har da rikicin. Restart ce ke farawa daga tushe.

Ga ƙofar baya ta farko. Danna maɓallin tambarin Windows tare da R, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta:

shell:RecycleBinFolder

In Allah ya sa ya buɗe, ba lokacin hamdala mai tsawo ba ne. Ka nemo abinka nan take, ka danna masa maɓallin dama, ka zaɓi Restore, ya koma inda ya fito. In ya koma ka gan shi da idonka, sai ka yi hamdalar a natse.

In duk wannan bai yi ba, lokacin kwashe kaya ya yi, kuma kwashe kaya yana gaban kowane gyara. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Nemo filash ko faifan waje lafiyayye mai isasshen wuri, ka soka, ka duba harafin da kwamfuta ta ba shi. A nan za mu ɗauka E ne. Ka rubuta cmd a wurin bincike na Start, ka danna masa maɓallin dama, ka zaɓi Run as administrator. Baƙar taga za ta fito. Kada baƙin ya razana ka, kuma duk wanda ya gifta ta bayanka a wannan lokacin zai ƙara ganin girmanka. Ka tabbata cmd ka buɗe, domin PowerShell tana ɗaukar alamar dala da wata ma'ana dabam, umarnin ba zai isa inda ka aike shi ba. Rubuta wannan yadda yake:

robocopy C:\$Recycle.Bin E:\Ceto /e /xf desktop.ini /r:0

Ma'anarsa a kwafe duk abin da ke cikin kwandon faifan C zuwa wata folda mai suna Ceto a filash ɗinka. An ce a bar desktop.ini a baya saboda shi ne ke sa folda ta riƙa shigar kwandon shara, in ya biyo kayan sai ka sake tarar da rufaffiyar ƙofa a filash. Shi kuwa /r:0 kada ka kuskura ka manta da shi. Robocopy yana da haƙurin da ba a taɓa gani ba: in ya ci karo da fayil da ya ƙi kwafuwa, zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. In ka yi lissafi kwana 347 ke nan a kan fayil guda. Azumi zai zo ya wuce, a yi Sallah ƙarama da babba, yana nan yana jira. Da /r:0 kuwa, in fayil ya ƙi, sai ya tsallake shi ya ci gaba.

In ya gama ka leƙa filash ba ka ga komai ba, kada ka ɗora hannu a ka. Foldar asali ɓoyayyiya ce, kwafin ma yakan zo a ɓoye. Waɗannan layuka biyu za su yaye masa mayafi:

attrib -s -h E:\Ceto

attrib -s -h E:\Ceto\* /s /d

Yanzu, a cikin foldojin nan masu farawa da S-1-5-21, za ka ga tarin fayiloli masu sunaye irin su $R4KQ7ZB.docx, kowane da abokin tafiyarsa mai farawa da $I da haruffa shida iri ɗaya. Masu $R su ne kayanka. Wutsiyar sunan ba ta canja ba, saboda haka takardar Word tana nan da .docx ɗinta, hoto da .jpg ɗinsa, kuma in ka danna za su buɗe. In suna da yawa, ka jera su bisa iri ko bisa girma. In kana son sanin sunan wani na asali, buɗe $I ɗinsa da Notepad: za ka ga 'yan alamomi marasa kan gado a farko, sai kuma hanyar da fayil ɗin ya fito da sunansa, haruffan a warwatse da tazara a tsakaninsu, amma suna karantuwa. Foldar da aka goge ɗungurungum sunanta na waje kaɗai ke canjawa, 'ya'yan cikinta suna nan da sunayensu. A nan ne ɗaliba takan ga babi na huɗu, ta buɗe, ta gangara har shafin ƙarshe ta tabbata teburan lissafinta suna nan, sannan ta tuna ba ta karya ba tun safe.

Sai an kai nan ake maganar gyara. Ka fara tambayar lafiyar faifan, a cikin baƙar tagar nan:

chkdsk C: /f

Zai ce faifan yana kan aiki, ko a bari sai an sake kunnawa? Ka danna Y, ka sake kunna kwamfutar, ka ƙyale shi ya yi bincikensa. Amma ka dubi wuta tukuna. In babu UPS, kuma man janareta ya kusa ƙarewa, ko hadari ya haɗo ka san abin da ke biyo baya, ka ɗaga aikin zuwa gobe. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gyaran faifai ta fi cutar farko muni. Ka kuma kasa kunne kusa da akwatin. In kana jin ƙas, ƙas, ƙas a jere, ko kwamfutar tana sandarewa a ko'ina ba a kwandon kaɗai ba, to faifan ne ke ban kwana. Kada ka wahalar da shi da bincike. Kwashe duk abin da kake so a ciki yau ɗin nan, ka nemi sabo. In faifan lafiya yake, ka sake buɗe baƙar tagar kamar ɗazu, ka bi da sfc /scannow, wanda ke duba fayilolin Windows kanta ya gyara waɗanda suka lalace. Yana ɗan jimawa, ka samu abin yi.

Magani na ƙarshe shi ne wanda kowa ke fara ba ka, kuma yana ci ƙwarai. Laifinsa ɗaya, ba a faɗa maka kuɗinsa sai ka sha. Shi ne a rushe foldar kwandon ɗungum, Windows ta gina sabuwa da kanta:

rd /s /q C:\$Recycle.Bin

Wannan layin ba ya tambaya, ba ya jiran ka sake shawara. Yana share kwandon duk masu asusu a wannan faifan, ba naka kaɗai ba, don haka in kwamfutar ofis ce ko ta gida da ake rabawa, ka zaga ka tambayi kowa. “Hajiya, akwai abin da kike so a kwandonki?” Za ka sha mamakin amsoshin. Sannan ka dubi rubutunka sau biyu kafin ka danna Enter. Tsakanin C:\ da alamar dala babu tazara ko kaɗan. In yatsa ya zame ya saka tazara a wurin, ka umarci kwamfuta ta share faifan C ne gaba ɗayansa, kuma za ta fara ba tare da ta ce uffan ba. In faifan D ne saƙon lalacewar ya ambata, ka sa D a madadin C, tun daga layin kwashe kaya. Ka sake kunna kwamfutar, ka ƙirƙiri wata takardar banza, ka goge ta, ka buɗe kwando ka gan ta, ka mai da ita. In ta je ta dawo, kwando ya koma bakin aiki.

Masu Linux, irin su Ubuntu da Mint, nasu ya fi sauƙi, domin ba a canja wa kayan suna. Buɗe foldarka ta gida, ka danna Ctrl da H ɓoyayyun abubuwa su bayyana, ka shiga .local, ka shiga share, ka shiga Trash. Folda mai suna files ita ke riƙe da kayan, info kuma ke riƙe da bayanin inda kowane ya fito. Ka kwafe abinka ka fita. Abin da ya fi kawo cijewar a can shi ne wata rana an buɗe manhajar fayiloli da sudo, sai foldar kwandon ta koma mallakin babban mai iko na injin, kai mai ita ka zama baƙo. Wannan layin ke dawo maka da ita:

sudo chown -R $USER ~/.local/share/Trash

In kuwa manhajar cewa take ba ta ma san wani abu wai shi kwando ba, kamar yadda Thunar kan yi, ka duba ko an girka gvfs, domin ita ce ke haɗa su. In kana son sabon kwando, ba sai ka rushe tsohon ba, ka canja wa foldar Trash suna kawai, za a ƙirƙiri wata da zarar ka sake goge wani abu. Faifan waje kuma nasa kwandon yana gindinsa, galibi da suna .Trash-1000. Masu Mac su cire faifan waje, su danna Command da Option da Esc, su zaɓi Finder su sake tashinsa. Sau da yawa iyakar abin ke nan.

Akwai wasu bayin Allah da ya kamata a yi wa magana ta musamman, su ne masu ajiya a kwandon shara da gangan. Suna nan a ofisoshi da shagunan buga takardu, kuma ba su ganin aibin abin.

“Yallaɓai, ai nan kwandon shara ne.”

“Na sani, ɗana. Nan ne kaɗai ba mai taɓa mini.”

Ranka ya daɗe, akwai mai taɓawa, kuma ba ya neman izini. Kwandon yana da iyakar abin da zai ɗauka a kowane faifai, in ya cika Windows tana zubar da mafi daɗewa don ta samar wa sababbi wuri. A Windows 10 da 11 akwai Storage Sense, wanda in an kunna shi yakan share abin da ya kwana 30 a kwando. Mac ma tana da irin wannan zaɓi na kwana 30. Ga kuma yaron kirki da zai zo ya ga kwamfutar Baba ta yi nauyi, ya share kwandon don ya taimaka, ya zo yana jiran a sa masa albarka. Takardar fili da hotunan ɗaurin aure da lissafin shago su samu folda tasu mai suna, da kwafi a faifan waje ko a intanet. A kuma sani cewa abin da aka goge daga filash ba ya biyawa ta kwando, haka wanda aka goge da Shift da Delete, don haka in ba ka gan su a ciki ba, kwandon bai ci amanarka ba.

To, in aikin gama ya gama, an riga an danna Yes kafin wannan takarda ta iso hannunka? Da sauran dama, in aka yi sauri. A tsohon faifai mai juyi, abin da aka share yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Saboda haka ka daina amfani da kwamfutar nan take: ba saukar da fim, ba girka manhaja, ba yawo a intanet. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec suna iya tono shi, amma a ɗora su a filash daga wata kwamfutar, kuma abin da suka tono a zuba shi a wani faifai dabam. In SSD ne a injin, damar ta ragu ƙwarai, domin shi yakan goge gurbin abin da aka share ba da jimawa ba.

In abin ya fi ƙarfinka ka ɗauki akwatin zuwa wurin mai gyara, ka tafi da filash ɗinka a aljihu, kuma tun kafin ya soka waya ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Masu gyara da yawa gwanaye ne, amma layi yana da tsawo, kuma fomatin ita ce hanya mafi kusa. Ka ce masa, “Malam, ba saurin kwamfutar ya dame ni ba, akwai takarda a kwandon shara da nake nema. Don Allah kada a yi fomatin, kada a share kwandon, sai an fitar mini da ita.” Ka faɗi sunan takardar, da irinta, da ranar da ka goge ta in ka tuna. Sannan ka ja benci ka zauna kusa da shi har ya buɗe ta a gabanka ka karanta layin farko, ya kwafa maka a filash, kafin a shiga maganar sauran gyaran da kuɗinsa.